Koya wa Ƙananan Yara Rawar Bibbiyu a Firamaren Gilasgo

Da zarar watan Nuwamba ya kama a ƙasar Sikotland, sanyi da ruwan sama sukan hana a fitar da yara fili, kuma idan aka shiga Disamba rana takan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, saboda haka darasin motsa jiki yakan koma cikin babban zauren makaranta, wanda a makarantu da dama shi ne kuma wurin cin abincin rana. A wannan lokaci ne ake ture tebura gefe, a ajiye ƙwallo, a shiga koya wa yara rawar gargajiyar ƙasar, wadda ake yi bibbiyu ko uku-uku, a sahu ko a da'ira, irin wadda ake takawa a taron da mutanen nan suke kira keili. Ni mataimakiyar malamar aji ce a wata firamare ta gwamnati a kudancin birnin Gilasgo, kuma yawancin aikina da 'yan aji ɗaya zuwa aji uku ne, wato yara masu shekara biyar zuwa bakwai. Na daɗe ina son in rubuta abin da na fahimta game da wannan darasi, domin iyayenmu Hausawa da ke zaune a nan sukan ji labarinsa ne daga bakin yaro a guntule, su ɗauke shi ko dai wasan banza ko kuma abin tsoro, alhali yana da tsari da manufa, kuma yana da wuraren da ya kamata uwa ta sa ido.

Gwamnatin Sikotland ta ɗora wa makarantun firamare burin ba kowane yaro awa biyu na motsa jiki a mako, kuma rawa tana cikin abin da ake cike waɗannan awoyi da shi. Amma dalilin da ya sa aka riƙe ta da muhimmanci ya wuce motsa jini. A ƙasar nan sau da yawa akan gayyato makaɗan keili zuwa babban bikin aure, haka ma daren shiga sabuwar shekara da suke kira Hogmanay, da ranar 30 ga Nuwamba da ake bikin waliyyin ƙasar, da daren 25 ga Janairu da ake tunawa da babban mawaƙinsu na dauri. Wanda bai iya takun ba, zama zai yi a kujera yana kallo yayin da kaka da jika, shugaba da ma'aikaci, suke cikin fili ɗaya. Makaranta ce wurin da kusan kowa yake koyo, shi ya sa za ka ga dattijon da ya manta rabin abin da aka koya masa na lissafi, amma da an buga kiɗan ƙafarsa ta san inda za ta.

Shigar rawar cikin makarantu ba haka kawai ta faru ba. A shekarar 1911 wani Bature mai suna Cecil Sharp ya kafa ƙungiyar raya raye-rayen gargajiyar Ingila, kuma raye-rayen da ya tattara suka bazu har zuwa arewa, abin da bai yi wa wasu 'yan Sikotland daɗi ba, domin suna ganin nasu yana dusashewa. Ɗaya daga cikinsu ita ce Ysobel Stewart, wadda take jagorantar 'yan matan ƙungiyar Girl Guides a yankin Argyll, ta kuma so a koya wa 'yan matanta rawar ƙasarsu. Ta haɗu da Jean Milligan, malamar motsa jiki a kwalejin horar da malamai ta Jordanhill da ke Gilasgo, suka kafa ƙungiyar rawar karkarar Sikotland a 1923, wadda Sarki George na shida ya ba lambar sarauta a 1951, kuma har yau hedkwatarta tana Edinbara da rassa a ƙasashe da yawa. Da yake Milligan malamar malamai ce, ɗalibanta ne suka kwashi rawar suka shiga da ita ajujuwa, kuma wannan ne ya sa tun farko aka rubuta kowane taku da ƙa'idarsa, yadda za a iya koyar da shi daki-daki.

Daga nan aka samu salo biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai salon ƙungiyar, wanda yake son yatsun ƙafa a miƙe, dunduniya a haɗe, baya a tsaye, kowane juyi a kan lokacinsa, kuma idan gwanaye suka taka shi abin sha'awa ne ƙwarai. Akwai kuma salon taron keili, inda wani yake tsaye kusa da makaɗa yana faɗar abin da za a yi, jama'a suna bi iyakar iyawarsu, wanda ya ɓata a jawo shi a ci gaba. A ganina, ga yaro ɗan shekara biyar ko shida, salo na biyu ne ya kamata a fara da shi ba tare da wata tantama ba. Na ga darasin da aka ɓata rabinsa ana gyara wa yara tsayuwar ƙafa a gaban bango, kuma kafin a kunna kiɗa sun riga sun gaji, wasu sun fara tsokanar juna. Kyan taku yana da lokacinsa a aji biyar ko shida, bayan yaro ya riga ya so abin, kuma idan aka gaggauta shi sai a rasa duka biyun.

Darasin farko mai kyau ba a haɗa kowa da kowa a cikinsa. Kiɗan waɗannan raye-raye an gina shi ne takwas-takwas, kuma yawancinsu gaɓa 16 ne ko 32 kafin a sake komawa farko, don haka abin da yaro yake bukata da fari shi ne kunnensa ya gane inda takwas ta ƙare wata ta fara. Malamar ajinmu takan zaunar da su a ƙasa, a yi tafi takwas, a bugi gwiwa takwas, sannan a miƙe a yi tafiya takwas gaba, a tsaya cik, a yi takwas baya. Tsayawar ita ce mai wuya. Yaro ƙarami idan ya ji kiɗa gudu yake so, kuma ranar da aji guda ya iya tsayawa tare a kan bugu na takwas ba tare da an daka tsawa ba, a ranar ce aka ci rabin aikin. Bayan haka sai matsalar dama da hagu, wadda ba wani bayani da ke warware ta a wannan shekaru. Mukan ɗaura wa kowane yaro jan zare mai laushi a wuyan hannun dama, sai malama ta ce a miƙa hannu mai zare, kuma a hankali ake daina ambaton zaren har a cire shi. Kiɗan kansa iri biyu ne muke amfani da su, ril da jig, kuma yara sun fi saurin kama jig domin bugunsa yana tafiya daidai da tsalle-tsallen da suke yi da kansu a filin wasa.

Sai an samu wannan sannan a zo ga abin da ya fi komai nauyi a darasin, wato riƙon hannun wani. Manya sukan ɗauka ƙaramin abu ne. A wurin yaro kuwa, miƙa hannu ga wanda ba abokinsa ba, ko ga wanda suka yi faɗa da safe, ko ga wanda sauran yara suke ƙyama, babban al'amari ne, kuma a nan ne darasin yake iya gina yaro ko ya bar masa tabo. Tsofaffin malamai da iyayen da suka yi makaranta a nan sun ba ni labarin yadda ake yi a da: a jera maza a bango ɗaya, mata a ɗaya bangon, a ce maza su tsallaka kowa ya zaɓi abokiyar rawa, wani lokaci kuma a juya a ce mata su zaɓa. Duk wanda ya ba ni wannan labari, ko shekarunsa sun kai sittin, yana tuna wace yarinya ko wane yaro ne kullum ake bari a tsaye shi kaɗai har sai malami ya haɗa shi da wani dole. Ban ga wata fa'ida a wannan hanya da za ta biya wannan wulaƙanci ba, kuma ina farin ciki cewa malamai da yawa sun watsar da ita.

Abin da muke yi shi ne cire zaɓi daga hannun yara gaba ɗaya. A jera su yadda suka shigo, a ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, a ba masu lamba ɗaya kore, masu lamba biyu rawaya, kuma daga nan ba a sake cewa maza su yi kaza mata su yi kaza, sai dai kore su shiga tsakiya, rawaya su tsaya. Sannan mukan fifita raye-rayen da ake sauya aboki a kowane zagaye, irin su Circassian Circle, inda kowa yake cikin babbar da'ira, a shiga tsakiya a dawo, a yi tafi, a juya da na kusa, sannan a tarar da sabon aboki idan kiɗa ya koma farko. Yaron da ya san cewa ba zai wuce rabin minti da wanda ba ya so ba yakan haƙura, kuma kafin kiɗan ya ƙare ya riƙe hannun kusan rabin ajin ba tare da ya lura ba.

Akwai wani yaro ɗan aji biyu da yakan ja hannun rigarsa ya rufe tafinsa duk lokacin da zagaye ya kawo shi wurin wata yarinya da ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, kuma ita ta gane, domin takan sunkuyar da kai ta miƙa masa kan yatsu kawai. Malamar ba ta tsayar da kiɗa ba, ba ta kuma kira sunansa a gaban jama'a ba. Da aka tashi sai ta durƙusa daidai tsayinsa, ta tambaye shi yadda zai ji idan ita ta rufe hannunta kafin ta gaisa da shi, ta jira har ya ba ta amsa da kansa. A darasi na gaba ta sa kowa ya naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu kafin a fara, ta ce dokar rawa ce ga kowa, sannan ita da kanta ta ɗauki yarinyar a matsayin abokiyarta wajen nuna sabon taku. Yarinyar ba ta da Turancin da za ta amsa tambaya a aji a lokacin, amma ƙafarta tana jin kiɗa fiye da ta yawancinsu, kuma zauren rawa ne wuri na farko a makarantar da sauran yara suka kalle ta don su koyi wani abu.

Ba zan tsallake abin da yake damun iyaye Musulmi ba, domin ni ma uwa ce, kuma kudancin Gilasgo, musamman unguwar Pollokshields, cike yake da iyalai Musulmi, mafi yawansu 'yan asalin Pakistan, tare da Larabawa da 'yan Afirka. Wata baiwar Allah 'yar garinmu da ta girme ni ta tare ni a bakin ƙofar makaranta ta ce, “Ƙanwata, ke da kike ciki, wai da gaske ne za a sa 'yata ta rungumi namiji ta yi rawa?” Na ce mata, “Yaya, ga ƙanana babu runguma, riƙon hannu ne da zagaye, amma damuwarki tana kan hanya, kuma gara ki shiga ki yi magana da malamar tun yanzu da ki bari sai ranar taro.” Har yanzu shawarar da nake ba kowa ke nan. Tun da an daina raba rawar da sunan maza da mata, abu ne mai sauƙi malama ta haɗa yarinya da yarinya, yaro da yaro, idan an sanar da ita da wuri, kuma a makarantun da na sani ana sauraron irin wannan roƙo. Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa iyaye ita ce wannan ba ya warware komai da komai, domin a raye-rayen da'ira da na sahu hannu yakan haɗu da na kowa, sai dai idan an ware rukuni na mata zalla, wanda kuma yana yiwuwa idan adadin ya kai. Akwai kuma bambanci tsakanin ɗan shekara shida da 'yar aji bakwai da ta kusa balaga, inda ake fara koyar da irin su St Bernard's Waltz da ake riƙe aboki kusa da jiki, kuma a nan ina ganin ya dace iyaye su fi sa ido, makaranta kuma ta fi sassauci. Wasu iyayen kiɗan ne kansa ba su yarda da shi ba, kuma wannan hukuncinsu ne a kan 'ya'yansu. Roƙona kawai shi ne kada a bar yaron zaune a benci yana kallo kamar wanda aka hukunta, a nema masa wani aikin motsa jiki na gaske a wancan lokaci.

Cikin raye-rayen bibbiyu, Gay Gordons ce kusan kowane keili yake buɗewa da ita, kuma sunanta daga rundunar sojan Gordon Highlanders yake. Abokai biyu suna tsayawa gefe da gefe suna fuskantar hanya ɗaya, hannayen dama a haɗe ta saman kafaɗar ɗaya, na hagu a haɗe ta gaba, su yi taku huɗu gaba, su juya a inda suke ba tare da sun saki hannu ba, su yi huɗu da baya, sannan su maimaita su koma inda suka fito, daga nan ɗaya ya juya ƙarƙashin hannun ɗaya, a rufe da tsalle a zagaye. Juyin nan na tsakiya shi ne yake rikita yara, hannaye su harɗe, wani ya saki, wani ya ja da ƙarfi. Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce a fara koya musu tafiyar da juyin kowa shi kaɗai, hannu a ƙugu, sannan a ƙara riƙon hannu ɗaya, sai a ƙarshe a kawo cikakken riƙon, wanda ga 'yan aji ɗaya ma ba lallai ba ne a kai gare shi. Su ƙanana sun fi jin daɗin Virginia Reel, inda biyun farko suke haɗa hannu sama su yi ƙofa sauran su ratsa, da kuma Flying Scotsman, mai sunan shahararren jirgin ƙasan da ke tsakanin Landan da Edinbara, inda sahu guda yake kama hannu ya zaga ɗaya sahun.

Strip the Willow kuwa sai manyan aji, kuma ko su sai da gargaɗi. A cikinta biyun farko suna saƙala hannu su yi ta juyi, sannan su bi sahu suna juya kowa ɗaya bayan ɗaya, kuma yaro mai ƙarfi yana iya wurgar da ƙarami har ƙasa idan ya ga dama. Na fi son yadda wani malamin motsa jiki yake gabatar da ita: yakan ce wa manyan yaran aikinsu shi ne su mayar da abokinsu wurinsa a tsaye, kuma wanda abokinsa ya faɗi shi ne bai iya ba. Da wannan magana ɗaya yaran da suka saba nuna ƙarfi sukan koma auna nauyin wanda ke hannunsu, su rage gudu ga mai ƙaramin jiki, su ƙara ga wanda zai iya. Wannan aunawa ita ce abin da nake ganin darasin yake koyarwa wanda ƙwallo da tsere ba sa koyarwa, domin a nan ba a neman rinjaye a kan kowa, kuma rawarka ba ta kyau sai ta abokinka ta yi kyau.

Haka ma yaron da ke kan keken guragu yana iya shiga yawancin raye-rayen sahu idan aka faɗaɗa tazara aka ba shi lokacin juyi, kuma yaron da hayaniya take firgitawa mukan sa masa abin toshe kunne mu ajiye shi a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, da aboki ɗaya da ba ya sauyawa. Kiɗan faifai yana da matsala a nan, domin an buga shi ne da gudun manya, kuma ba ya jiran kowa. Ranar da aka samu mai goge irin na Turawa ko mai akodiyon, wato kayan kiɗan da ake matsawa a ja kamar zuga-zugi, ya zo da kansa, darasin yakan canza gaba ɗaya, saboda yana kallon ƙafafun yaran, ya ja kiɗan idan sun makara, ya ƙara masa wuta idan sun kama. Makarantar da ba ta da halin ɗauko makaɗi tana iya rage gudun faifan a kwamfuta, kuma ko wannan ya fi a bar yara suna bin kiɗan da ya fi ƙarfinsu.

Mu da muka tashi muna gaɗa a dandali mun san cewa ba wanda ya tsayar da mu ya ƙirga mana taku, a bayan yayyenmu muka tsaya muna tafi har muka iya. Makarantun nan suna da abin da zai ba da irin wannan dama, domin a yawancinsu akan haɗa kowane ɗan aji ɗaya da wani ɗan aji bakwai da zai riƙa kula da shi a farkon shekara, amma ba kasafai ake amfani da wannan haɗi a zauren rawa ba. Da muka gwada haɗa ajujuwan biyu, ƙananan sun kama Gay Gordons da saurin da bai taɓa samuwa ba ta hanyar bayani, domin babban yana juya ƙaramin a hankali daidai lokacin da ya kamata, kuma manyan da suke noƙewa idan aka haɗa su da tsararrakinsu sun saki jiki tun da yanzu su ne masu koyarwa. Wannan haɗi yana kuma rage damuwar iyaye, domin yana da sauƙi a haɗa yarinya babba da ƙarama. Abin da na roƙi shugabar makarantarmu a taron malamai shi ne a daina cusa rawar duka cikin makonnin da ke gaban hutun Kirsimeti, a fara tun Satumba da minti goma a ƙarshen darasin motsa jiki, a ware rana ɗaya a wata da manya da ƙanana za su shiga zaure tare, sannan a aika wa iyaye takarda tun farkon zango da ke bayyana raye-rayen da za a koyar da yadda za a haɗa yara, domin mai magana ya yi ta tun kafin a fara.